Alhaji, kar ka sayi na'urar taron wayar nan tukuna

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya turo min tambaya, yace yana da shaguna biyu, yana da ajan mai fito masa da kaya a tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas, kuma yana sari daga Guwanzu ta Chana da Dubai. Wani ya tallata masa na'urar taro ta waya mai sauti garau wadda ake kira HD, ga kuɗin na'ura ga kuɗin wata-wata, shine yake tambaya ko ya saya tunda kullum sai an samu rashin fahimta a waya akan farashi da adadin dila.

To Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ka riƙe kuɗinka tukuna, domin abinda ake so a sayar maka yana cikin aljihunka.

HD ɗin nan gaskiya ne, ba yaudara bace. Tsohon kiran waya yana ɗauko sautin da ke tsakanin 300 zuwa 3,400 Hz (ma'aunin kauri da kaifin sauti) ne kawai, shi kuma HD yana ɗauko daga 50 har 7,000, shiyasa a tsohon kira harufa irinsu s da f suke dushewa, kaga kuwa in kana ciniki da ɗan Chana cikin Turancin da ba naka ba kuma ba nashi ba, lamba ɗaya ta kuɓuce ai asara ce. Amma shi HD sai ɓangarorin biyu sun cika sharaɗi yake aiki, wato wayarka da tashi su zama suna ɗauka, layukan ma haka, in ɗaya ya gaza kiran ya koma irin na da. Kenan ko ka ajiye na'ura mai tsada a ofis, in ajan ɗinka yana tsaye bakin tashar jirgi cikin ƙarar tireloli da ƴar ƙaramar waya, ƙarar tirela zaka ji garau.

Ka fara shiga saitin wayarka ka duba VoLTE, in akwai ka kunna, shine ke ɗora kira akan 4G, yaranka suma suyi haka. Haɗa mutane a kiran layi kuma yana yiwuwa har mutum 5 banda kai, saidai ka sani in kai ka kira su duka to kowane layi kai ake cajin, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025 kati baya auki. Don haka taron yaran shago da ajan ku mayar dashi WhatsApp, yana ɗaukar mutum 32 a kira ɗaya, sautin ma mai kyau ne in netwok na nan, kuma ku kashe bidiyo domin shine ke cinye data, murya kaɗai yawanci bata kai megabait ɗaya a minti ba. In takardu zaku duba tare, kamar lissafin kaya ko takardar kwastan, Zoom na kyauta yana bada minti 40, Google Meet awa ɗaya, ya isheku.

Wajen Chana da Dubai ne mai tallar bai faɗa maka komai ba. WhatsApp a toshe yake a Chana, su WeChat suke amfani dashi, a Dubai kuma saƙo yana tafiya amma kiran WhatsApp baya shiga sai ta manhajar kira irinsu Botim. Na'urarsa bazata canza wannan ba. Sannan Chana na gabanmu da awa 7, Dubai da awa 3, in ka bari sai bayan azahar ka kira Guwanzu to sun tashi daga aiki, mutumin yana hanya ko yana gida zai amsa maka da ka. Ka kira da sassafe bayan asuba, daga cikin ɗaki, ba daga tsakiyar layin Kwari ba, da iyafis mai waya mai kyau, wannan ɗan kuɗin shine zai fi canza maka sauti.

Wanda yafi damuna kuma shine maganar fatar baki. Duk kyan sauti, da an ajiye waya ka rubuta a saƙo, kaya kaza, yadi kaza, farashi kaza da dala ko yuwan, ranar lodi kaza, shi kuma ya amsa a rubuce cewa haka ne, kafin nan kar kobo ya fita. In aka turo maka sabuwar lambar akawun ana cewa an canza, kar ka tura sai ka kira tsohuwar lambar da ka sani ka tabbatar, don ta nan ake yawan damfarar masu shigo da kaya.

Na'urar zata yi maka amfani ranar da ka zama kuna zama mutum biyar ko shida a teburi ɗaya duk sati kuna magana da na waje, a lokacin ma lasifikar taro ƙarama mai haɗuwa da waya zaka nema wadda babu biyan wata, kuma kace ya baka ka gwada a ofishinka da ajan ɗinka na Legas kafin ka biya.