Amsa: Kaskar da ta shekara kusan dubu biyu a kunnen kare

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ake samun kaska a jikin gawarwakin dabbobin da aka busar aka naɗe tun zamanin dā, kuma mene ne amfanin bincikenta. Da gaske ne.

A El Deir, cikin dausayin Kharga na ƙasar Masar, an tono ɗaruruwan busassun gawarwakin karnuka na zamanin mulkin Rumawa. A 2013 masanin ƙwari Jean-Bernard Huchet na Faransa da abokan aikinsa suka bayyana cewa sun ƙirga kaska 61 a jikin wani kwikwiyo, da yawansu maƙale cikin kunnensa, har da ƙuda mai shan jini. Ɓawon jikin kaska mai tauri ne, kuma busasshiyar iskar hamada ta hana shi ruɓewa.

Abin da ya fi taɓa ni, irin kaskar nan ce mai ruwan ƙasa da har gobe muke cirewa a kunnuwan karnukanmu, wadda ke ɗauke da cututtukan jini. Mai yiwuwa ita ta raunana kwikwiyon har ya mutu. An kuma ga kwanson tsutsar ƙuda a gashinsa, alamar gawar ta ɗan jima a fili kafin a naɗe ta.