Fim ɗin matar mai burodi da mijin da ke binciken wayar matarsa

Tambaya: Malam, ni ɗalibin Faransanci ne a Maraɗi. Ina kallon tsofaffin finafinan barkwanci na Faransa da dare don kunnena ya saba da harshen. A ciki akwai La Femme du boulanger na Marcel Pagnol, na 1938, inda matar mai gasa burodi ta gudu da makiyayi, mijin ya daina gashi har mutanen gari suka nemo ta, ya kuma karɓe ta. Tun daga nan nake bincika wayar matata. Abokina ya ce mijin nan dayyusi ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Ɗan'uwa, in akwai tsiraici a finafinan da kake kallo, kallonsa haramun ne, wannan ba ya buƙatar dogon bayani, kuma koyon harshe ba ya halatta shi. Amma abin da ya tsaya mini a rai wayar nan ce. Ba ka ambaci alama ko ɗaya da ka gani a wurin iyalinka ba, fim kawai ka kalla. Wannan shi ne kishin da hadisin Abu Dawud ya ce Allah yana ƙi, kishi ba tare da abin tuhuma ba. Binciken kuma tajassusi ne, wato leƙen asirin wani. Ka daina, kuma kallon da ya jawo maka shi ya zama haramun a kanka.

Maganar abokinka kuskure ce, ko da yake ta yaɗu. Dayyusi shi ne wanda ya san ana alfasha a gidansa, ya yarda, bai damu ba. Wanda abin ya ƙona masa rai, matar ta tuba ya riƙe ta bayan istibra'i (jiran haila don tabbatar da babu ciki), bai shiga wannan suna ba. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa zina ba ta warware aure. An ruwaito saɓanin haka daga wasu magabata, sai dai babu nassin da ya tilasta saki, kuma ƙofar tuba ba a rufe wa mace ita kaɗai ba. Aibin irin waɗannan finafinai shi ne sun mai da cin amanar aure abin dariya, ba yafiyar miji ba.

Sannan ka ce da dare kake kallo. Matarka tana ina a lokacin? Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda cewa iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, alhali salla ce da azumi suka shagaltar da shi, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salman. To ina ga fim? Ka koma rediyo da littattafai da rana, daren kuma ka bar mata. Wallahu a'alam.