Tambayoyinku: Me ke cikin gangar sheri da har kwalba ɗaya ke cin miliyoyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Aberdeen, ƙasar Sikotland. 'Yan ajinmu sun gayyace ni wani zama da za a ɗanɗana wiski, wai na ganga ɗaya ne tak, wanda ya daɗe a gangar sheri, kuma suna ta zumuɗi kamar za su ga sabon jariri. Ni ba na sha, amma kunya ta hana ni cewa a'a kai tsaye, kuma ban ma gane abin da suke magana a kai ba. Don Allah a fahimtar da ni. Daga ɗanka a Aberdeen.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da bayanin, hukuncin na nan tafe.

Wiski idan ya fito daga matata fari ne tas kamar ruwan famfo, ga zafi a hanci. Sha'ir ne da ruwa da yis, wani kuma har da wasu nau'o'in hatsi. Yawancin launin nan ja-ja da kake gani a kwalba, da yawancin ƙamshin, daga katako suke zuwa. Dokar da aka yi a 2009 ta ce ba za a kira shi wiskin Sikotland ba sai an tace shi a ƙasar, ya kuma kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak wadda ba ta wuce lita 700 ba, sannan ƙarfin barasarsa bai gaza kashi 40 cikin 100 ba. Ka san yadda ruwan sabuwar randa ke ɗaukar ƙamshin yumɓu? To haka ruwan nan ke tsotsar abin da ke jikin katako, sai dai shi shekaru yake yi yana tsotsa.

Sheri kuwa giyar inabi ce ta kudancin Sifaniya, yankin Andalus, daga garuruwa uku: Jerez de la Frontera da Sanlúcar de Barrameda da El Puerto de Santa María. A da Turawan Birtaniya suna matuƙar sonta, ana kawo musu ita a jirgin ruwa cikin manyan ganguna masu cin kusan lita 500. Idan aka juye, mayar da fankon ganga Sifaniya asara ce, sai masu matatun wiski su saye da araha. Da haka suka gano cewa katakon da ya sha sheri yana ba wiski duhu da zaƙi. A shekarun 1980 Sifaniya ta tsayar da fitar da sheri a ganga, sai a kwalba, sai gangar ta zama abin nema. Yanzu matatun ne ke biyan kuɗi a haɗa musu sababbin ganguna a can Sifaniya, a cika su da sheri irin oloroso ko Pedro Ximénez na shekara ɗaya ko biyu, a juye, a turo fankon. Shi ya sa gangar sheri ta fi gangar Amurka, wato fankon da aka juye wiskin Amurka daga cikinsa, tsada nesa ba kusa ba.

Na taɓa tsayawa a kan irin wannan fanko a masana'antar haɗa ganguna da ke Craigellachie, bakin kogin Spey. Maƙerin gangar ya zare toshiyar katako ya ce in kai hanci. Wallahi abin da ya fara dukana ƙamshin zabibi ne da busasshen dabino, can ƙasa kuma kamar kanumfari da ɓawon lemo da aka shanya. Cikin gangar baƙi ƙirin, jikin katakon da danshi. Waɗannan kalmomin za ka ji abokanka suna jerawa a wurin zaman: zabibi, ɓaure, kirfa, baƙin cakulan. Wani ma zai yamutsa fuska ya ce yana jin warin ashana da aka ƙyasta, wannan kuma farar wuta ce da wasu ke ƙonawa a cikin ganga don kada ta yi fumfuna a hanya.

Batun ganga ɗaya shi ne tushen zumuɗin nasu. Wiskin da ake sayarwa a kanti haɗi ne na ganguna masu yawa, ana gauraya su don kwalbar bana ta yi daidai da ta bara. Amma ganguna biyu da aka cika rana ɗaya, aka jera su kusa da juna a rumbu ɗaya, bayan shekara 15 ba za su fito iri ɗaya ba, saboda ba bishiya ɗaya aka sare ba, kuma iska ba ta ratsa su daidai wa daida. Idan mai matata ya ci karo da wadda ta yi fice, sai ya zuba ta ita kaɗai, ya rubuta lambar gangar da ranar cikawa da adadin kwalaben a jikin takarda. 'Yan ɗaruruwa ne kawai, kuma in sun ƙare sun ƙare ke nan. Ƙari a kan haka, kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ciki yana bin iska kowace shekara. Gangar matatar Macallan mai lamba 263 an cika ta a 1926, aka buɗe a 1986, kwalba 40 kacal ta bayar. A watan Nuwamban 2023 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a gidan Sotheby's da ke Landan a kan sama da fam miliyan 2. Wanda ya saya ƙarancin abin ya biya, don da wuya ya buɗe ta.

A wurin zaman za a zuba ɗan kaɗan a kofin gilashi mai ƙaramin baki, su duba launi, su shinshina, su ɗiga ruwa, sannan su kurɓa. Ruwan yana da amfani, domin irin wannan yakan fito da ƙarfin ganga, wato ba a sirka shi da ruwa ba, barasarsa kashi 55 zuwa 60 cikin 100, wanda ke ƙona harshe.

To ɗana, nan ne nake so ka buɗe kunne. Kalmar ɗanɗano kada ta ruɗe ka, sha ne, kuma barasar ta fi ta kanti ƙarfi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma an hana mu zama a teburin da ake zagayawa da giya. Saboda haka kada ka je, ko da da niyyar kallo ne. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kunyar nan. Na zauna da mutanen Sikotland, ban ga wanda ya riƙe ni a zuci don na ce addinina ya hana ni ba. Kame-kamen uzuri ne ke sa su sake gayyatarka mako mai zuwa. Ka faɗa musu sau ɗaya, fuska a sake, ka yi musu godiya.

Idan zumuncin kake tsoron rasawa, kai ma ka gayyace su. Jirgin ƙasa daga Aberdeen yana kai wa Elgin, daga nan akwai motar haya zuwa Craigellachie. Masu haɗa ganguna suna karɓar baƙi, za ku tsaya daga sama ku ga yadda ake jera katako a ɗaure shi da zoben ƙarfe ba ƙusa ba gam, a babbaka cikinsa da wuta. Ka fara tambayar ranakun da suke buɗewa kafin ku tashi, kuma ka gaya musu tun a ƙofa cewa ba ka sha.