Kun Tambaya, Mun Amsa: Wace Tsohuwar Mishan ta Sifaniyawa Ta Cancanci a Tsaya Mata a Hanyar Kalifoniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata uku ke nan a birnin Los Anjeles, kuma a hutun da ke tafe ina da niyyar ɗaukar iyalina a mota zuwa San Faransisko, mu kwana ɗaya a hanya. Ɗana yana aji huɗu a firamare, inda ake koya musu tarihin tsofaffin gidajen mishan da Sifaniyawa suka gina a Kalifoniya, ya kuma matsa mini sai mun ga ɗaya da idonmu. Na tarar suna da yawa, lokacinmu kuma bai wuce na ziyara ɗaya mai kyau ba. Maiɗakina tana so mu guje wa wurin da za mu tarar ana cikin ibada. Wanne za mu zaɓa?

Daga wani mai karatu a Los Anjeles.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya, ya kuma yi wa yaron albarka. Amsata a taƙaice ita ce La Purisima da ke kusa da garin Lompoc, amma tun da ba ita ce ta fi suna ba, wajibi ne in bayyana abin da ya sa na fifita ta a kan waɗanda hotunansu suka cika littattafan yawon buɗe ido.

Kafin zaɓen mishan akwai zaɓen hanya, domin a nan mutane da yawa suke yin kuskure. Idan kuka bi umarnin taswirar waya, babbar hanya mai lamba 5 za ta nuna muku, wadda ta ratsa kwarin tsakiyar jihar, kuma ta fi sauri, sai dai da zarar kun bar kewayen Los Anjeles ba za ku sake cin karo da mishan ko ɗaya ba. Hanyar da za ku bi ita ce mai lamba 101, wadda a wurare da dama ta hau kan tsohon turbar da ake kira El Camino Real, wato hanyar sarki. A kan wannan turba mai tsawon kimanin mil 600 ne limaman Katolika 'yan ɗarikar Faransiskan suka kafa mishan 21, daga ta San Diego a 1769 zuwa ta Sonoma a 1823. Za ku riƙa ganin ƙararrawa rataye a kan sanduna masu lanƙwasa a gefen titi, alamar tsohuwar hanyar ke nan, kuma ƙirga su zai ɗauke wa yaron gajiyar zama a mota.

Wannan ya fitar da San Juan Capistrano daga lissafinku, duk da cewa tana cikin waɗanda aka fi ziyarta, saboda kangon babbar cocinta ta dutse da girgizar ƙasa ta rusa a 1812 ta kashe mutum 40, da kuma tsattsewar da ake bikin dawowarsu a ranar 19 ga Maris. Kudu take da Los Anjeles, ku kuwa arewa kuka nufa, saboda haka ku bar ta sai wata Asabar.

Wadda za ta fara jan hankalinku ita ce ta Santa Barbara, kimanin mil 95 daga inda kuka taso, wadda aka kafa a 1786 kuma ake yi mata kirari da sarauniyar mishan. Ba a yi ƙarya ba, domin hasumiyoyinta biyu da fuskarta ta dutse da tsaunukan da ke bayanta abin kallo ne, kuma a gabanta akwai maɓuɓɓugar ruwa da aka gina a 1808 bisa salon da Sifaniyawa suka gada daga Andalus. Wannan gado bai tsaya a nan ba, domin kalmar adobe, wadda ake kiran tubalin laka da ita a can, daga Larabci ta shiga Sifaniyanci, haka ma acequia, sunan magudanar ruwan ban-ruwa. Sai dai har gobe coci ce mai jama'arta, 'yan Faransiskan ba su taɓa barinta ba, kuma a ƙarshen mako da wuya a rasa ibada ko ɗaurin aure a cikinta. Shawarata ita ce ku tsaya a farfajiyarta na rabin awa, ku ɗauki hoto, ku dubi doguwar kwatarniyar dutse da matan ƙabilar Chumash, 'yan asalin yankin, suke wanki a cikinta a dā, sannan ku wuce.

Daga nan tafiyar kimanin awa ɗaya ce zuwa La Purisima. Za ku sauka daga 101 a garin Buellton, ku bi hanya mai lamba 246 ta yamma. An kafa ta a ranar 8 ga Disamba, 1787, ita ce ta goma sha ɗaya a jerin, kuma girgizar ƙasar Disambar 1812 ta rushe ta, aka taso da ita zuwa wannan kwari da take a yanzu. Waɗanda suka sake ginin sun yi watsi da tsarin da aka saba na gine-gine da ke kewaye tsakar gida ta ɓangarori huɗu, suka jera gine-ginen a layi ɗaya, suka kuma tokare bango da dutse, kamar yadda mai karin magana ya ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Bayan gwamnatin Meziko ta yi dokar karɓe filayen mishan daga hannun limamai a 1833, wurin ya zama kufai, har sai da matasan da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauka aiki lokacin karyewar tattalin arziki suka fara sake gina shi a 1934, suna buga tubali da hannu daga ƙasar wurin, suna sassaƙa katako da irin kayan aikin dā.

Dalilina na farko shi ne wanda ya shafi damuwar uwargida. La Purisima ba ta hannun coci, wurin tarihi ne na gwamnatin jihar Kalifoniya, ma'aikatan jiha ne suke kula da ita, kuma ɗakin ibadarta abin nuni ne kamar sauran ɗakunan. Kuɗin da za ku biya na ajiye mota ne a bakin ƙofa.

Dalili na biyu ya fi nauyi a wurina. Mafi yawan sauran mishan birane sun haɗiye su, abin da ya rage coci ce da lambu da shagon sayar da tsaraba, har mai ziyara ya fita yana zaton wurin addu'a ne kawai. Alhali kuwa kowace mishan gari ce mai gona da garke da masana'antu, wadda aka kafa domin ta mayar da 'yan asalin ƙasar Kiristoci kuma talakawan sarkin Sifaniya, ta kuma ciyar da sojojin da ke tsare gaɓar tekun. A La Purisima, wadda ke zaune cikin fili mai faɗin kusan eka 2,000, wannan tsari yana nan a shimfiɗe: masaƙa da maƙera, da barikin soja, da manyan tukwanen da ake narka kitsen shanu a yi kyandir da sabulu, da hanyar ruwan da ta taso daga idon ruwa ta bi ta wurin wanki ta ƙare a gona. Fatu da kitse su ne hajar da ake sayar wa jiragen ruwan 'yan kasuwa. Akwai ma tumaki da jakai da shanu masu dogayen ƙaho irin na wancan zamani a cikin shinge, kuma ina tabbatar muku yaron zai fi tunawa da su a kan duk wani bayani da ke rubuce a allo.

Akwai wani ɗaki da nake so ku daɗe a cikinsa, wato wanda ake kulle 'yan matan Chumash marasa aure a ciki da dare. A nan ne ya kamata ku gaya wa ɗanku abin da ƙaramin samfurin mishan na kwali da ake sa yara su haɗa a wasu makarantu ba ya nunawa. Wanda aka yi wa baftisma ba shi da ikon barin mishan yadda ya ga dama, idan ya gudu sojoji ne za su bi sawunsa, bulala kuma tana cikin horon yau da kullum. Cunkoso da cututtukan da baƙin suka zo da su, irin su ƙyandar da ta ɓarke a 1806, sun yi wa mutanen kisan da ya sa mace-mace suka rinjayi haihuwa a mishan da yawa. A watan Fabrairun 1824, bayan wani soja ya yi wa wani Bachumashe bulala a mishan ta Santa Ines da ke kusa, tawaye ya tashi, 'yan Chumash suka ƙwace La Purisima suka riƙe ta kusan wata guda, kafin sojoji su zo daga Monterey da igwa su karɓe ta, aka kuma zartar wa mutum bakwai hukuncin kisa. Saboda irin wannan tarihi ne aka yi ta jayayya a 2015 lokacin da Fafaroma Francis ya ɗaga Junipero Serra, wanda ya kafa mishan tara na farko, zuwa matsayin waliyyi. Jikokin Chumash suna nan da ransu, suna da yankinsu a Santa Ynez, don haka kada a bar yaron ya ɗauka labarin mutanen da suka shuɗe ne.

Ku ware wa wurin awa biyu zuwa uku, ku zo da ruwan sha da takalmin tafiya, domin ƙasa ce da rairayi, kuma ku riƙo rigar sanyi ko da bazara ce, tun da iskar teku takan kaɗa a kwarin da rana tsaka. Kwana a San Luis Obispo ko Paso Robles zai raba muku tafiyar daidai. Idan washegari kun tashi da wuri, mishan ta San Miguel tana bakin 101 'yan mintuna arewa da Paso Robles, kuma zanen da ke bangon cocinta na asali ne tun wajen 1821, ba a taɓa sake shafa shi ba. Ita ma ana ibada a cikinta, saboda haka idan ranar ta faɗo Lahadi ku duba lokacin taronsu kafin ku sauka daga titi.