Bam yana ƙarƙashin mota, wa zai faɗa?

Ɗana, ka tambaye ni ko da "ni" ake ba da labarin ɗaukar rai ko da "shi", wato da bakin jarumin ko da bakin marubucin, kuma ba don tambayar ta fama mini wani tsohon miki ba, da cewa zan yi ka je ka yi karatu kamar yadda muka yi.

Na taɓa shafe shekara 2 a kan wani littafi mai shafi 340, duka da bakin jarumina, wani ɗan sandan ciki. A babi na 19 maƙiyansa suka dasa masa bam a ƙarƙashin mota, ina son mai karatu ya sani, shi kuwa ya taho yana kaɗa makulli bai san komai ba, domin wannan tazarar ce take hana mai karatu barci. To, mai cewa "ni" ba ya faɗin abin da bai gani ba. Sai na laɓe da shi a bayan ƙofa ya ji shirinsu, da jinsa kuwa zulumi ya mutu, tunda ba mahaukaci ba ne da zai shiga motar.

Mawallafi ya dawo mini da kundin, ni kuma na kai wa wani abokin sana'a ya duba, ba tare da na ajiye kwafi ba. Ya riƙe shi wata 8, sannan ya ce ya ɓace. Shekara na zagayowa littafi ya fito da sunansa, motata ce, bam ɗina ne, sunaye kawai ya sauya, ya mayar da "ni" ta koma "shi", ya ware wa mai dasa bam nasa babin. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne nasa ya fi nawa daɗi.

"Ni" tana da ranarta idan asirin yana cikin kan mai ba da labarin ne, kamar yadda marubuciyar Ingila Agatha Christie ta yi a wani littafinta na 1926, inda likitan da ke ba da labari shi ne ya yi kisan. Amma ku yaran yanzu kuna ɗaukarta ne don sauƙi, kun manta tana sanar da mai karatu tun daga farko cewa jarumi zai rayu. 

Kawo mini babinka na farko in ga wa ya san me, amma ka yi kwafi tukuna.