Amsa: Ko yis yana sa 'yan tumaki saurin girma?

Malam, ka tambaya ko za ka riƙa zuba wa 'yan Udarka yis a abinci don su yi saurin girma. Yana taimakawa, amma sai da abinci a ƙasa.

Aikinsa a tumbi yake. Yis mai rai, wato Saccharomyces cerevisiae, yana shanye iskar oksijin da ke cikin tumbi, sai ƙwayoyin halittar da ke narkar da harawa da kowar wake su samu sarari su yawaita. Yana kuma rage tsamin ciki, wanda ke kama dabbar da aka cika wa dusa da hatsi, ka ga ta bar ci tana zawo. Shi ya sa ya fi amfani lokacin yaye da lokacin kiwon Layya. Ɗan da bai wuce tsotso ba tumbinsa bai gama ƙosawa ba.

Ka fara ba su maganin tsutsa. Sannan ka sayi yis na dabbobi, ka bi awon da ke jikin leda, ka cuɗa shi da dusa busasshiya ko mai ɗan danshi, ban da ruwan zafi. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40, don haka ka adana shi a rufe cikin inuwa, kar ya mutu.

In kana kusa da asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, leƙa su duba maka su tukuna.