Tambaya da Amsa: Gilashin da ya Fashe da Kyandir Mai Ci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ƙaramar sakandare. An koya mana cewa a sauyin zahiri ana iya mayar da abu yadda yake, amma a sauyin sinadari ba a iyawa. To, gilashin da ya fashe ba ya komawa, ke nan sauyin sinadari ne? Kuma kyandir mai ci a wane rukuni yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ƙa'idar da aka ba ku ta share fage ce kawai, kuma a ganina tana ruɗa ɗalibai fiye da yadda take taimaka musu. Ma'aunin da ba ya kuskure shi ne a tambaya: shin an sami wani sabon sinadari wanda babu shi a da? Gilashin da ya tarwatse, ko da an niƙe shi ya zama gari, gilashi ne har yanzu, don haka sauyinsa na zahiri ne. Haka ruwa yake, wanda ke daskarewa a digiri 0 kuma yake tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos a daidai matakin teku, domin ƙanƙara da tururi duk ruwa ne, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyinsa da yanayin motsinsu ne suka bambanta. Sai an ratsa shi da wutar lantarki ya rabu zuwa iskar haidurojin da ta oksijin sannan za a ce sinadarinsa ya sauya. Batirin waya kuwa yana rushe ƙa'idar ta ɗaya ɓangaren, tun da abin da ke faruwa a cikinsa sauyin sinadari ne, amma duk lokacin da aka yi masa caji sai sinadaran su koma yadda suke a da.

Kyandir ya haɗa biyun a lokaci guda. Ki kunna shi ki zuba masa ido: kakin da ke gindin lagwani yana narkewa, wani ya gangaro ta gefe ya sake daskarewa, kuma idan kika kankare shi za ki ga kaki ne kamar na farko. Wannan na zahiri ne. Amma lagwanin yana zuƙar narkakken kakin zuwa sama, inda zafi ke mayar da shi tururi, tururin ya haɗu da oksijin ya ƙone, ya zama iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa, wannan kuwa sauyin sinadari ne. Ki kifa busasshen kofin gilashi mai sanyi a saman harshen wutar na ɗan lokaci, za ki ga raɓa ta lulluɓe cikinsa, alhali babu ruwa a jikin kyandirin tun farko.

Kada gajarcewar kyandirin ta sa ki zaci wani abu ya ɓace. Masanin Faransa Antuwan Labuwaziye, wanda ya wallafa littafinsa na kimiyyar sinadarai a 1789, ya nuna cewa idan sauyi ya auku a cikin rufaffen mazubi, nauyin da aka fara da shi ne ake ƙarewa da shi. Shi ya sa ƙusar da ta yi tsatsa, matuƙar tsatsar ba ta kakkaɓe ba, take fin nauyinta na asali, saboda oksijin ɗin da ƙarfen ya ɗauko daga iska.